Tambaya da Amsa: Ganin Duwatsun Murjani da Kuɗi Kaɗan

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci, kuma na daɗe ina kallon hotunan masu nutso cikin teku suna yawo tsakanin duwatsun murjani da kifaye masu launi iri-iri. Na tara ɗan abin da na tara ta hanyar adashi, ina son in saɓa jakar goyo in je wani tsibiri in gani da idona, ba tare da na sauka a manyan otal ba. Ban ƙware a iyo ba. Ina ya kamata in nufa, kuma ta ina zan rage kashe kuɗi? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Burinka mai kyau ne, kuma ba na masu hannu da shuni kaɗai ba ne. Sai dai ka sani tun farko cewa gaɓar tekunmu ba za ta biya maka wannan buƙata ba. Murjanin da ke gina duwatsu yana son ruwa mai ɗumi, garau, wanda hasken rana ke ratsawa, alhali manyan koguna irin su Neja suna zuba laka da ruwan daɗi a tekun Afirka ta Yamma. Saboda haka sai ka dubi Tekun Indiya.

Ni Zanzibar, tsibirin ƙasar Tanzaniya, nake ba ka shawara. Yawancin mutanenta Musulmi ne, ba za ka wahala wajen neman masallaci ko abincin halal ba, kuma akwai duwatsun murjani kusa da gaɓa a kewayen ƙananan tsibiran Mnemba da Chumbe, da kuma tsibirin Pemba da ke arewa. Daga Kaduna za ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ka tashi ta Adis Ababa zuwa Zanzibar, ko ka sauka Darussalam ka ƙetara a jirgin ruwa cikin kimanin awa 2. Tanzaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta tantance takardunsu kafin a ba da biza, don haka ka nema da wata 2 ko fiye, kuma kada ka sayi tikiti sai ta fito. Tun watan Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, sannan ka riƙe katin rigakafin cutar shawara. Maldibs ma ƙasar Musulmi ce, tana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma tun 2009 aka yarje wa mazauna tsibirai kamar Maafushi su buɗe ƙananan masaukai, amma kuɗin jirgi zuwa can ya fi nauyi.

Wuraren rage kuɗi a fili suke: ɗakin kwana na haɗaka ko ƙaramin masauki, abincin kasuwa, da shiga daladala, motar haya ta gama-gari, maimakon shatar tasi. Daga Maris zuwa Mayu ake ruwan sama mai yawa a Zanzibar, farashi kan sauka amma teku kan yi duhu wasu masaukai kuma su rufe, shi ya sa na fi son ka auna watan Yuni zuwa Oktoba.

Inda ba zan yarda ka yi tsimi ba shi ne koyon nutso da kayan aikinsa, kuma a nan nake son ka nutsu ka karanta. Duk mita 10 da mutum ya gangara cikin teku, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa daidai da nauyin iskar sararin da muke ciki gaba ɗaya. Iskar da ka shaƙa daga tukunyar iskar da mai nutso ke goyawa, a zurfin mita 10, za ta ninka girmanta sau biyu kafin ka iso sama, don haka wanda ya firgita ya riƙe numfashi ya taso, yana iya fasa huhunsa ko da daga 'yan mitoci ne. Abu na biyu, a ƙarƙashin wannan matsi iskar naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka, kuma idan aka taso da gaggawa sai ta koma kumfa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an buɗe ta farat ɗaya. Wannan kumfa na jawo ciwon gaɓoɓi, a wasu lokuta har shanyewar jiki. Dalili ke nan da ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 da nutso guda, ko awa 18 idan an yi ta maimaitawa. Ka bar ranarka ta ƙarshe a tsibirin babu nutso.

Takardar shaidar nutso ta farko daga ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI ko SSI tana ɗaukar kwana 3 zuwa 4, tana cin ɗaruruwan daloli, kuma tana ba ka izinin sauka zuwa mita 18 tare da abokin nutso. A tsarin PADI za a nemi ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10. Ka ce ba ka ƙware ba, to aikinka na farko a nan Kaduna yake: ka samu wurin iyo mai malami da mai ceto, ka yi watanni kana zuwa. Kogin Kaduna ba wurin koyo ba ne, musamman da damina. Wannan shi ne tsimi na gaskiya, domin abin da za ka koya a gida da naira, a can da dala za ka biya shi.

Idan ka isa, ka nemi ganin takardar malamin, ka tambayi mutum nawa yake jagoranta a lokaci guda, ka kuma tabbatar akwai tukunyar iskar agajin gaggawa a cikin kwale-kwalen. Duk wanda ya tare ka a bakin teku da farashi mai arha ƙwarai, bai kuma tambaye ka lafiyarka ba, ka rabu da shi. In kuɗin bai kai na darasi ba, kada ka ɗauka tafiyar ta lalace. Murjani mafi launi yana cikin ruwa marar zurfi inda rana ke kaiwa, kuma da tabarau na ruwa, da bututun numfashi, da rigar ceto, za ka kwanta a saman ruwa ka ga abin da ya kai ka.

TAMBAYA: Malam, ni da ƙanena muke son zuwa, amma shi yana da sikila, ni kuma ina tunanin sutura. Sannan ko zan iya tsinko murjani in kawo wa mahaifiyarmu tsaraba? Daga wata 'yar'uwa a Malali.

AMSA: Malama, Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya. Mai sikila kada ya yi nutso da tukunyar iska, domin sanyin ruwa, da ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya duk suna tayar da ciwon, kuma a ƙarƙashin teku babu damar agaji cikin sauri. Ko shawagi a saman ruwa sai da amincewar likitansa. Mai asma, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya su ma sai likita ya duba su, mai juna biyu kuwa ba ta nutso.

Batun sutura mai sauƙi ne. Rigar nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, ana samun hular kai mai kama jiki, kuma kina iya ɗora riga mai ɗan tsawo a kai, ki kuma nemi mace ta koya miki tun kafin ki biya. Abin da za ki guje wa shi ne dogon hijabi mai yalwa, saboda yana iya naɗe bututun numfashi.

Tsaraba kuwa, ki nemi wata. Murjani halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke gina gidan dutse, wasu irinsu ba sa ƙara fiye da santimita 1 ko 2 a shekara. Duwatsunsu ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Suna cikin wahala ma a yanzu: idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kori gansakukar da ke zaune a jikinsu tana ciyar da su, su yi fari fat, kamar yadda ya faru a Tekun Indiya a 1998, kuma a watan Afrilun 2024 masana suka tabbatar da aukuwar hakan a faɗin duniya karo na huɗu. Yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, ta hana fitar da irin wannan murjani daga ƙasa ba tare da takardar izini ba, kuma ana iya ƙwace shi a filin jirgi. A kasuwar Darajani da ke birnin Zanzibar za ki samu kanumfari da kirfa da atamfar kanga, waɗanda Hajiya za ta fi amfana da su.