Amsa ga ƙanenmu na Dang mai son haɗa manhajar ɗalibai

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na natsu, don abin ya shafe ni. Ka ce kana shekara ta uku a fannin kwamfuta a Jami'ar Ngaundere da ke Dang, a Kamaru, kana son haɗa manhajar waya da za ta tara wa ɗalibai jadawalin darasi, sakamakon jarrabawa, ɗakunan haya, cinikin tsofaffin littattafai har da wurin hira. Kana tambayar yaren kwamfutar da za ka koya da kuma inda kuɗi zai fito. Ni da abokaina biyu mun yi irin wannan aiki a wata jami'a a nan arewa, mun kusa shekara biyu a kansa.

Zancen yare ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ka kama Flutter, ko Kotlin idan ka riga ka saba da Java. Ka tsaya a kan Android kawai. Ka dubi hannun 'yan ajinku, Tecno ne da itel da Infinix, mai iPhone bai taka kara ya karya ba. Ajiyar bayanai kuwa, matakin kyauta na Firebase zai ɗauke ka har ka tsaya da ƙafarka.

Abin da ban gani a tambayarka ba, kuma shi ne ya kusa kashe tamu manhajar, shi ne wa zai riƙa zuba mata labari kullum.

Mu da muka fara, mun je babiyar, allon nan da ake manna sanarwa, muka ɗauki hoton jadawalin kowane aji, muka kwana uku muna shigarwa da hannu. Mako biyu komai lafiya. A mako na uku wani malami ya dawo da gwajin CC, wato gwajin cikin zango, daga Alhamis zuwa Talata. Ya faɗa wa delegen aji, wato wakilin ɗalibai, delege ya saka a WhatsApp, mu ba mu ji ba. Akwai wata yarinya 'yar shekarar farko da ta iso a makare daga Kusiri, ba a riga an saka ta a zauren ajinsu ba, manhajarmu kaɗai ta dogara da ita. Ranar Laraba ta same ni a bakin amfi, babban ɗakin darasi, ta miƙo min wayarta, gilashin duk ya tsage, jadawalinmu na nan yana cewa Alhamis ƙarfe 8. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Yaya, ga abin da kuka rubuta.” Mun yi ta bin malamin tare da delege kafin ya yarda ya ba ta dama, amma har yau idan na tuna fuskarta sai jikina ya yi sanyi. Da ba mu haɗa manhajar ba, da ta tambayi wani ta ji gaskiya. Mu muka hana ta tambaya.

Daga ranar muka sauya tsari gaba ɗaya. Muka bi delege-delege ɗaya bayan ɗaya, muka ba kowa mabuɗinsa, shi kaɗai ke iya taɓa jadawalin ajinsa. Kowace sanarwa tana ɗauke da ajin wanda ya saka ta da sa'ar da ya saka. Idan jadawali ya kwana 7 ba a tabbatar da shi ba, sai launinsa ya dushe, rubutu ya fito cewa a tuntuɓi delege. Da farko sun yi ta jan ƙafa, kuma suna da gaskiya, don delege ɗalibi ne kamar kowa, ba zai rubuta abu ɗaya sau biyu ba. Sai muka saka maɓalli guda: ya rubuta a manhaja, ya danna, saƙon ya tafi zauren WhatsApp na aji yadda yake. Nan ne suka karɓe ta. Kada ka ce za ka yi gasa da WhatsApp, ka cire wurin hirar nan daga shirinka. Abin da za ka fi shi da shi ɗaya ne: a zaure sanarwar gwaji tana nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallan turare, a wurinka kuwa tana zaune inda aka ajiye ta.

Sakamakon jarrabawa, ina roƙonka kada ka taɓa. Na ofishin rajista ne, ɗauke da suna da lambar kowane ɗalibi. Kamaru na da dokar laifukan intanet tun 2010, a Disambar 2024 kuma aka kafa dokar kare bayanan mutane. Ko ba doka ma, wane ne zai so a baza makinsa a wayar kowa? Haka kuɗin rajista, sefa 50,000 ɗin nan, kada su bi ta hannunka. Sunan jami'a da tambarinta ma kada ka ɗora sai da izini a rubuce. Ka nemi malami ɗaya a sashenku da ya yarda da kai, ya shige maka gaba.

Sai batun waya kanta. Kai a kwamfuta kake gwaji, ɗalibi kuwa yana ɗaki, an ɗauke wuta tun safe, caji saura kaɗan, data ta ƙare jiya. Dole manhajar ta buɗe ba tare da intanet ba, ta nuna abin da ta sauko da shi na ƙarshe da ranar da ta sauko da shi. A gabana wani abokina ɗan Cadi ya goge tamu don ya samu wurin karɓar hotunan darasi, wayarsa ta cika. Ya ba ni haƙuri, na ce ba laifinsa ba ne. Muka koma muka zubar da hotuna da kwalliya har ta dawo ƙasa da mega 15. Ka kuma gwada sanarwa a kan ƙaramar waya ta gaske, don da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye saboda tattalin batir, sai saƙo ya iso bayan an tashi daga aji. Harshe kuwa Faransanci ne kan gaba, sai Ingilishi. A kasuwa Fulatanci muke yi, a gida Hausa ko Larabcin Shuwa, amma jadawali da Faransanci kowa ya saba karanta shi. Ka dai taƙaita kalmomi.

Kuɗi, idan za su zo, ta ɗakunan haya za su zo, kuma a nan kai ka fi mu sa'a. Dang na da nisan kilomita wajen 15 daga cikin gari, ɗalibai da yawa a mini-site, wato gidajen hayar ɗalibai, suke zama. Duk farkon shekara sababbi na sauka, wasu daga jirgin ƙasan Yawunde, wasu a mota daga Garwa, Marwa, har Njamena da Mundu, da jaka a ka, ba su san kowa ba. Abin da suke son sani bai da yawa: nawa ne a shekara, akwai rijiya ko famfo, mitar wuta ta ɗaki ce ko ta haɗaka, minti nawa ne a ƙafa zuwa ƙofar makaranta. Mu da ƙafa muka bi gida-gida da littafi, muna gaida masu gida da masu gadi, muna leƙa banɗaki da idonmu. Aiki ne mai gajiyarwa, amma shi ne sashen da aka fi buɗewa. Daga baya wasu masu gidajen suka yarda suna ba da ɗan abu ta Orange Money ko MTN MoMo don a saka ɗakunansu. Bai sa mun yi arziki ba, ya dai biya mana data da kuɗin mashin. Sharaɗi ɗaya muka rubuta da manyan baƙaƙe: kada kowa ya tura kuɗin kafin alƙalami sai ya ga ɗaki da idonsa. Ɗakin da ba ku taka ba kada ya shiga, don ranar da aka damfari yaro ɗaya ta hanyarka, sunanka za a kira. Tunda yanzu Marwa na da jami'a tun 2008, Garwa ma ta samu tata a 2022, idan abin ya zauna a Dang akwai inda za ka faɗaɗa, amma ba bana ba.

Play Store ana biyan dalar Amurka 25 sau ɗaya, da katin banki, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya fito fili. Apple kuwa dala 99 ce duk shekara. Kafin nan kana iya raba ta ta Xender, hannu da hannu, sai dai ka saka mata abin da zai gaya wa mutum cewa sabuwa ta fito. Mabuɗin sa hannun manhajar kuma, wato fayil ɗin da ke tabbatar da cewa taka ce, ka ajiye shi wuri biyu.

Abu na ƙarshe da ke damuna game da kai shi ne shekararka. Kana ta uku, ka kusa fita. Tamu ba lalacewa ta yi ba, mu ne muka gama muka watse, delegen da muka sani suka wuce, sababbi ba su san mu ba. Da kaina na sauke ta, don na gwammace babu ita da a ce tana nuna tsohon jadawali. Tun yanzu ka jawo yara biyu daga shekarar farko ko ta biyu, su koyi aikin a gefenka, su san delege da masu gidaje da fuska.

Wannan zangon ka fara da ajinku kaɗai, jadawali da sanarwa, ba ƙari. Idan ka haɗa ta farko ka turo min, ina da tsohuwar itel a ajiye, zan kashe data in gwada maka ita. Allah ya yi jagora.