Wuta ta ƙona ma'adanar kwamfuta, littafin bashi na ciki: a kashe kuɗi ko a haƙura?

Wani mai sayar da taki da maganin feshi a Gombe ya aiko da tambaya: "An ɗauke wuta, da aka dawo da ita ta zo da ƙarfi, sai na ji ƙauri daga kwamfutar shago. Mai gyara ya ciro haddis ɗin (ma'adanar bayanan kwamfutar) ya jona a wata kwamfutar, ko motsi bai yi ba. Lissafin shekara 3 na ciki, da sunayen manoma da dillalan da nake bi bashin sama da naira miliyan 6. Mai gyaran ya ce in bari ya buɗe ya duba, wani kuma ya ce sai Legas. Ga kaka ta matso. Yaya zan yi?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin mu zo maganar kuɗi, yau ɗin nan ka karɓo haddis ɗin, ka sa shi a kwali, ka ajiye inda ba zai faɗi ba. Kada a sake jona shi da sunan gwaji, kuma ko da wasa kada ka yarda a kwance murfinsa a shago.

A cikin ƙarfen nan akwai faifai mai sheƙi kamar madubi, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa ba ta taɓa shi. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙwayar ƙura ba. Lissafinka a kan faifan yake, kuma wutar da ta yi yawa galibi ba ta goge abin da ke kansa. Allon lantarkin da ke manne a bayan haddis ɗin take ci. Amma ranar da aka buɗe murfin a teburin kasuwa, cikin ƙurar Gombe da ka sani, ƙwaya ɗaya ta isa ta shiga tsakani ta karce faifan. Wurin da ya karce ya tafi ke nan, ko Jamus aka kai shi. Mai gyaranka ba mugunta yake nufi ba, taimako yake so ya yi, sai dai da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yadda ka kwatanta, shiru ba juyawa ga kuma ƙauri, ya sa ina da kyakkyawan fata. Haddis na kwamfutar tebur yana shan wuta ta layi biyu, bolt 12 da bolt 5, kuma a bakin kowane layi akan sa ƙaramin dayod mai gadi wanda aikinsa shi ne ya mutu a madadin sauran kayan. Sau da yawa iyakar ɓarnar ke nan. Idan ta wuce nan, sai a nemo allo irinsa sak daga wani haddis. A nan ne da yawa ke kuskure: suna ɗauka kwance wannan a ɗaura wancan ne. A'a. A allon akwai wani ƙaramin aisi (ɗan guntun kayan lantarki mai ajiye bayanai), yawanci mai ƙafa 8, da ke riƙe da saitin da masana'anta ta yi wa wannan haddis ɗin shi kaɗai. Sai an ɗauke shi daga ƙonannen allo an dasa a sabon. Don haka kada kowa ya jefar da tsohon allon, kuma duk wanda za ka ba aikin ka tambaye shi yadda zai yi da wannan aisin. In ya tsaya yana kallonka, ɗauki kayanka.

Idan aka gyara allon kuma haddis ɗin ya fara ƙas-ƙas, a kashe shi nan take. Mai yiwuwa wutar ta kai ga kayan ciki, kuma canza allura sai a ɗaki na musamman mai tace iska. Wannan shi ne aiki mai tsada, shi ne ke kai mutane Legas ko Abuja.

To, a biya ko kada a biya? Kada ka auna kuɗin aikin da farashin kwamfuta, kuma kada ka auna shi da miliyan 6 ɗin gaba ɗaya. Ka auna shi da bashin da ba ka da wata shaida a kansa sai wannan faifan. Wannan adadin kuwa ba ka san shi ba tukuna. Ka zauna kwana biyu da yaron shagonka, ku tattaro kwafin rasit, takardun lodi, saƙonnin WhatsApp, alat na waya, da bayanin asusu daga banki da na POS. Ka duba ko an taɓa tura fayil ɗin ta imel ko an sa shi a filash ranar da aka je buga takarda. Ƙila abin da ya rage babu shaida dubu ɗari biyar ne, ƙila miliyan 4. In na farko ne, gyaran allo ya dace amma aikin ciki sai ka yi tunani. In na biyu ne, ni dai da zan biya, ban tsaya dogon ciniki ba.

Wata magana kuma, kada labarin ya zaga kasuwa. Yawancin mutanenka masu amana ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba na ce ka yi ƙarya ba. Kira kowa ka ce kaka ta zo, ya taho da rasit ɗinsa ku daidaita lissafi, abin da kuka amince a kai a rubuta, kowa ya sa hannu. Wannan aikin kada ya jira haddis. Manomi yana sayar da masararsa a Tudun Hatsi kuɗin ke kama hanya.

In za ka ba da aikin, ku yi yarjejeniya a rubuce. A faɗa maka kuɗin dubawa daban, kuɗin aiki daban, kuma ba za ka biya babban kason ba sai ka buɗe fayil ɗin Excel da hannunka ka ga sunaye da lambobi. Ganin sunan fayil a jeri ba hujja ba ne, yakan fito cikinsa a lalace. Su fara kwafe dukkan haddis ɗin zuwa wani sabo da ka kawo, a kan kwafin za a yi bincike. Kada a yi fomatin, wato share haddis ɗin, ko da Windows ta nema, kada a sa wata manhaja a kansa. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, ka sa sharaɗin rufin asiri tunda bayanan mutane ne a ciki, kuma ka aika da wanda ka yarda da shi, ba a miƙa wa direba a tasha ba. Idan an kulle kwamfutar da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, nemo mabuɗinta mai lamba 48 tun yanzu, yawanci yana cikin asusun Microsoft na wanda ya saita ta.

Gaba kuma, sitabilaiza na daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama a hankali, ba ta da saurin tare wadda ta faso farat ɗaya. Ka haɗa da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, da soket mai kariya, kuma a zare filogi duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko za a juya zuwa janareta, ko hadari ya taso da tsawa. Kullum in an tashi, yaro ya ɗora fayil ɗin a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, ƙarshen wata kuma a buga jerin bashin a takarda a kai gida. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, saboda haka kowane mai karɓar taki ya tafi da nasa kwafin.

Ko an dace haddis ɗin ya tashi, kada ya koma cikin kwamfutar shago. A kwashe abin da ke ciki, a sa sabo, a canza akwatin rarraba wutar kwamfutar shi ma kafin a jona komai.