Amaryata ta Landan, ga amsar tambayarki kan asali

Amarya, bayan gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya same mu lafiya. Ƙaninki ne ya karanta mini bayan la'asar, na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. An tura ki karatun haɗa magunguna, kin ɓuge da shiga ƙungiyar masu neman kakanni. Ni da nake raye kin ce na yi miki tsufa, ga shi yanzu waɗanda suka daɗe a ƙasa kike bi.

Na dai gane bayaninki. Ƙungiyar, Society of Genealogists, tun 1911 take a Landan, tana da ɗakin karatu cike da kwafin littattafan coci inda ake rubuta jaririn da aka yi wa wankan shiga addininsu, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Ana yin lacca da kwas, ana buga mujalla, akwai kuma tsofaffin hannu da kan zauna da sabon shiga su nuna masa ta inda zai faro. Su suka ba ki takardar nan mai gida-gida, kowane kaka da gurbinsa, da ranar haihuwa da ta rasuwa. Kin cika na babanki da na marigayi Yaya, kika gangaro har kan Inna Tsohuwa, kakarmu ta wajen uwa, wadda kika ga hotonta da zane a fuska irin wanda babu mai shi a gidanmu. Kika buga wa Goggo, ta ce wa ya aike ki tonon asali, ta kashe waya. Shi ne kike tambaya ko al'adarmu ta hana mutum sanin inda ya fito, kuma ko ki tofa yawu a 'yar kwalba ki aika a auna a gano asalin jininki, kamar yadda wasu 'yan ƙungiyar suke yi.

To, su mutanen nan takarda ce ta daɗe a hannun hukumarsu. Tun 1538 aka umarci coci-cocin Ingila su riƙa ajiye rajista, a 1837 gwamnati ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa da kanta, ƙidayarsu kuwa tun ta 1841 take ɗauke da sunan kowa gida-gida. Mu ranar haihuwa ba ta taɓa damunmu ba. Iya, mahaifiyar babanmu, in ka tambaye ta shekarunta, sai ta ce ta fara ɗaukar tulu Nasara suka shigo Kano. Ki rubuta 1903, ki rage goma. Babanmu haihuwar Kakalaba ne, yunwar 1914. Ƙanwarsa marisuwa ce ta ɗauke ta tana goye, wato 1918. Goggo da ta kashe miki waya, haihuwar 'Yar Gusau ce, 1942. Sunayen gida ma ki saurare su da kyau: in kin ji Tanko, mata ne a gabansa, Kande, maza ta biyo, Gambo, tagwaye ya bi. Amma kada ki ce za ki bi sunan ƙarshe yadda suke yi a can. Namu na uba ne ko na gari, kowane ɗa da nasa. In kika bi ta nan, sai ki wayi gari kin haɗa jini da duk mai Kano a ƙarshen sunansa.

Bari in ba ki labarin baƙon Iya, don ban tabbata babanki ya taɓa ba ki shi daidai ba.

Shekarar da Sarki Sanusi ya bar gadon sarauta ce, 1963, da hunturu. Ina ɗan saurayi, hannuna baƙi ƙirin da baba, mun taso daga karofi bayan azahar. Sai ga yaron mai unguwa ya rako wani mutum dogo, cikin farar jallabiya da wani ƙaton rawani irin wanda ba mu saba gani ba, ɗan dako na bin sa da akwatin ƙarfe. Ya yi sallama a zaure. Hausarsa ta fita, amma da ɗanɗanon Larabci a bakinsa. Ya ce daga Mai Wurno yake, a ƙasar Sudan, bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, yana aikin auduga a Jazira. Ya yi kwanaki yana yawo a kasuwar Kurmi yana tambayar gidan marina mai rijiya biyu. Ya ce mahaifinsa a gidan nan aka haife shi, ya fita yana samari ya bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, ya tsira a Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmin, sannan ya bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gabas. Ya rasu can, ya bar wasiyya a je a dubo masa ƙanwarsa in tana da rai.

Aka kawo masa ruwa da fura, amma fuskokin manya ba su saki ba. Na ji Baffa yana raɗa wa babanmu cewa duk wanda ya zo da maganar dangantaka daga nesa, a leƙa bayansa ko gida ya zo ci. Ni aka aika cikin gida. Na tarar da Iya tana kaɗi a bakin ɗakinta. Ina faɗa mata, mazarin ya suɓuce ya gangara har gindin turmi, ba ta ko kalle shi ba. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a bayan ƙyauren soro.

Daga nan ta riƙa jefo tambaya, ba ta ganinsa, ba ya ganinta. Sunan kakansa, ya faɗa daidai. Baffa ya ce wannan ko a bakin kasuwa an samu. Sunan kishiyar uwarsu, ya ce bai sani ba. Ta wace ƙofa ake fita gonarsu, ya ambaci wata ƙofa daban. Baffa ya fara gyaran murya, babanmu yana kallon ƙasa, ni kuwa har na fara jin tausayin mutumin, don na ga zufa a goshinsa cikin wannan sanyi. Soron ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai muka ji muryar Iya, a hankali, ta ce, "Hannunsa na hagu fa, lafiya yake?"

Mutumin ya ɗaga nasa hannun na hagu, ya lanƙwashe ƙaramin yatsa, kamar tana ganinsa. Ya ce, "Wannan a karye yake har ya koma ga Allah, farcen bai sake fitowa ba. Ya ce ƙanwarsa ce ta sauke masa taɓarya yana satar gumba a turmi. Ya ce wa uwarsu jaki ne ya taka shi, don kada a doke ta."

Amarya, matar da ban taɓa ganin ƙafarta a zaure da rana ba, sai ga ta ta bankaɗo ƙyaure ba mayafi, ta kama kan ƙaton mutumin nan da hannu biyu, rawanin ya warware ya zube, tana cewa Yaya ya iso, Yaya ya iso. Shekara sittin maganar jakin nan tana cikinta, ko babanmu bai taɓa ji ba. Mata suka ɗauki guɗa daga ciki, maƙwabta suka cika ƙofar gida suna tambayar ko haihuwa aka yi. Baffa da kansa ya je ya jawo rago. Baƙon ya zauna da mu har bayan Sallah, ya koma da rawani ɗan Kura da babanmu ya ba shi. Jikokinsa muna gaisawa har yau, kuma tun da yaƙin nan ya ɓarke a ƙasarsu a 2023 ba mu daina yi musu addu'a ba.

Abin da nake so ki riƙe a daren ranar ya faru. Ana cin tuwo, babanmu ya ce, "Mahaifiyarka fa, mutuniyar ina ce?" Mutumin ya sunkuyar da kai, loma a hannu. Iya ta ce, "Kai, ya isa. Na ji jinin Yaya, me kake nema kuma? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Babanmu, da gemunsa da 'ya'yansa, ya ja bakinsa. Har baƙon ya tafi ba wanda ya sake ɗago zancen. Ita da ta tsare shi da tambaya da rana har ya yi zufa, ita ta hana a yi masa guda ɗaya da dare.

Malaminmu na zaure ya karantar da mu hadisin da ya ce ku koyi nasabarku gwargwadon abin da za ku sada zumunci da shi. Shi dai ya karantar da mu wanda ya lissafa sukar nasaba cikin ɗabi'un jahiliyya. Don haka asali ana tambayarsa, amma da wurinsa. In za a yi aure, manya kan bincika a ɓoye, su dawo su ce a yi ko a bari, ba su kawo bayani. In za a raba gado, a gaban alƙali ake jera magada. Ranar biki maroƙa su zuba kirarin gida, su ma sun san inda ake tsallakewa, shi ya sa ake ba su kuɗi da daɗin rai. Wanda ya wuce nan, a bakin faɗa ake jin sa, ranar da mace ta so ta kunyata kishiyarta. Da wannan kunnen Goggo ta ji tambayarki.

Kin yi karatu, kin san kafin zuwan Nasara ana sayar da mutane a Kurmi, ana kawo su daga yaƙe-yaƙen kudu. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke abin gaba ɗaya. Gidaje nawa ne a birnin nan, har da manya-manya, da ba su da irin wannan kaka? Ban ce miki ga labarin Inna Tsohuwa ba, ki lura. Na ce dai ita ta goye mu, ita ta koya mini Fatiha kafin a kai ni allo, kuma ba ta taɓa zaunar da mu ta ce ga garinsu ba, alhali bakinta lafiya lau. Babanmu kan ce yawan tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Ke kina Landan, wuƙar ba za ta same ki ba. 'Yan matan gidanmu da ba su yi aure ba, da ke nan cikin unguwa, su za ta sama. Su Turawan naki ma ai sun san sutura. Ba su buɗe takardun ƙidaya sai sun shekara ɗari. Ta 1921 sai a 2022 aka fito da ita.

Ba na ce ki ajiye aikin ba ne. Akwai takardu a nan ma, ba kamar yadda kuke zato ba. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomi saboda haraji, da jerin hakimai da dagatai, har da rajistar waɗanda aka 'yanta, wadda ita ce nake so ki buɗe da bismillah in kin je. Akwai Arewa House, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar tarihi a 1970. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa. Littattafan alƙalai na rabon gado sun fi duka amfani ga talaka, don su ne ke kawo sunan mata da 'ya'ya. A gida kuma akwai gafakar babanmu, a gefen wasu warƙoƙin ya rubuta haihuwarmu da ajami, da watan Musulunci. Tana wajena, ba na ba da ita aro, amma in kin zo za ki ɗauka a hoto.

Sai dai ke da bakinki kin ce abu na farko da 'yan ƙungiyar suka gaya miki shi ne ki fara da tsofaffin da ke raye. Daidai suka faɗa, ke ce kika yi shi irin na 'yan zamani. Tsohuwa ba a buga mata waya daga wata ƙasa a ce ta lissafo kakanni kamar ɗan sanda ya tsare direba. Zuwa ake yi da turare da atamfa, a zauna a matsa mata ƙafa, a tambaye ta wa ya yi mata lalle ranar bikinta, wa ya kawo gara. A bar ta ta yi ta zagaye. Sunan mijinta da na ɗanta na fari kuwa kada ki ko jira, ba za ta faɗa ba, waɗannan ni zan ba ki. Iya kan ce zumunta a ƙafa take. Ku yanzu kun mayar da ita WhatsApp, ana ta tura hoton fure da barka da Juma'a, amma ɗan baffanku ya wuce ku a titi ba ku shaida shi ba. Rannan wajen ta'aziyya wani yaronmu ya tambaye ni wace ce tsohuwar da ke kuka a kusurwa. Ƙanwar kakarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Maganar kwalba kuwa, ki dakata tukuna. Yawun nan ba naki ke kaɗai ba ne, abin da zai faɗa ya shafi ni da Goggo da yaran da ba a shawarce su ba. Zan yi magana da babanki, in kuma ji ta bakin liman. Abin da na sani game da Inna Tsohuwa, da ɗan dama, amma ba na waya ba ne, ba kuma na takarda da ƙaninki zai rubuta ba. Ki zo hutun ƙarshen shekara mu zauna, in ga irin kunnen da kika zo da shi.

Ƙaninki ya ce kin sa hotonta a Facebook kina tambayar mutane ko sun san zanen wace ƙabila ce. Ki cire shi yau, kafin maganar ta kai kunnen Goggo.

Kakanki, angonki na Kano.