Amsa: Dell Precision T3500 ta ƙi tashi daga filas

Malam, ka ce kwamfutarka Dell Precision T3500 ta ƙi tashi daga filas ɗin da ka ɗora wa Windows 10. Sake haɗa filas ɗin da Rufus, manhajar ɗora Windows a filas, amma a wajen zaɓen tsarin rabon filas ɗin ka zaɓi MBR, ba GPT ba. Dalili kuwa, kwamfutar ƙirar 2009 ce, tsohon BIOS gare ta, wato manhajar da ke tada ta in an kunna, ba ruwanta da sabon tsarin UEFI da ke tafiya da GPT. Da ka kunna ta, ka riƙa danna F12 har jerin zaɓin inda za ta tashi ya fito, sai ka zaɓi filas ɗin.

In ta ci gaba da gardama, buɗe murfin ka duba ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. A 'yan gwanjon da nake gyarawa a nan Bauchi galibi ya mutu, shi ya sa da an ɗauke wuta sai saitin BIOS ya goge. Leƙa wajen masu gyaran agogo a kasuwar Wunti ka nemi sabo.