Amsa ga ɗan'uwan da ke tambayar abin da ke kawo sabuwar dabara a kamfani irin namu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, wallahi ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ka ce ofishinka na lissafin kuɗi da haɗa manhaja ya tsaya cak, kullum aiki iri ɗaya, kana tambaya ko jari ne ke kawo sabuwar dabara, ko kayan aiki, ko tallafin gwamnati.

Mu dai a nan Kano, duk wani sabon abu da muka taɓa fitarwa, matsalar kwastoma ce ta tilasta mana. Ka tuna farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya (CBN) ya sauya fasalin naira, da tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo? 'Yan Kantin Kwari suka koma tiransifa da POS dare ɗaya. Wani alhaji ya kira ni hankalinsa a tashe: alat na shigowa ta bankuna daban-daban, yaran shago kowa na karɓa a asusunsa, ga masu nuna rasit na bogi. Muka je muka zauna tsakanin dilolin atamfa muna kallon yadda yaro ke rubuta ciniki a bayan kwali. A nan muka gano abin da zai yi musu aiki, muka haɗa ɗan tsari a waya, da Hausa, mai daidaita alat da littafin ciniki. Haka ma da TaxPro Max, manhajar biyan harajin gwamnatin tarayya ta intanet, ta fito a 2021, wanda ya riga laƙantarta shi ya kwashe kwastomomi.

Amma ka yi hattara, jarinmu a kan mutane yake, kuma mutum ƙafa gare shi. Yaron da ya rubuta rabin wancan tsari, ni na ɗauko shi daga hidimar ƙasa, ko rasit bai iya tsarawa ba. Na biya masa kwas, na ba shi kwamfutata, har kayan lefensa da hannuna a ciki. Wata Litinin na zo ofis, kujerarsa wayam, wayarsa a kashe. Kafin Juma'a manyan kwastomomina sun fara cewa “ai yaronka ya ce ya buɗe nasa, kuma ya fi sauƙi”. Kalmar sirrin komai a hannunsa take. Na zauna a mota a ƙofar ofis na kasa shiga, ga albashi na jirana, ga kuɗin haya. Muna haɗuwa a masallaci yana gaishe ni kamar ba abin da ya faru! Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Don haka ka rubuta yarjejeniya ko da ƙanenka ne. Kada mutum ɗaya ya riƙe makullin komai. Wanda ka ga yana da kai, ka ba shi kaso a abin da ya ƙirƙiro, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023, aka bar kasuwa ta tsayar da darajarta, mai yi wa 'yan waje aiki daga ɗakinsa a biya shi da dala ba za ka iya riƙe shi da albashi kaɗai ba.

Tallafi kuwa, akwai dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 da rajistar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ka nema, amma kada ka zauna jiransa. Gara ka zauna da sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ka karance ta tsaf, don 'yan kasuwa a ruɗe suke, kuma za su biya wanda ya yi musu bayani da harshensu.

Af, kuma ka sa sola. Ba wanda zai yi tunanin kirki janareto na ruri a kunnensa, ga kuɗin wutar Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, da ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Mu batir muka fara saya, faifan ya biyo baya da kaɗan-kaɗan.