Garken kwamfutoci ma sai da raɗin suna

Ɗana, na ga saƙonka bayan la'asar, na yi dariya har innarka ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai me ya sa mu tsofaffi muke sa wa kowace kwamfuta suna, mu manna mata takarda a goshi, mu kunna su ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin karɓar fansho? Ko camfi ne? Dariyar ta tsaya da na kai ƙasan saƙon, inda ka ce a garkenka na Hadoop, manhajar nan da ke haɗa kwamfutoci da yawa su adana bayanai su yi aiki tare, DataNode uku, wato 'ya'yan garken masu riƙe bayanai, sun ƙi tashi, kuma sau huɗu kana yi wa NameNode, wato uwar garken mai lura da su, fomat, kana shafe ta ta fara daga farko. Sau huɗu, ɗana!

Mu da muka fara wannan sana'a babu Hadoop, sai a 2006 ya tsaya da ƙafarsa. Labarin garken Beowulf muke ji, wanda aka haɗa a NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a 1994 da kwamfutoci 16 irin na kasuwa. Muka ce mu ma me zai hana? Muka tattaro tsofaffin kwamfutoci takwas da ofisoshi suka gaji da su, muka jera a kan benci, waya kamar taliya a ƙasa.

Don rage wahala sai na shirya faifai guda, na kwafe shi a kan sauran. Ranar gwaji bakwai suka amsa, ta bakwai a jeri kuwa shiru. Fankarta na juyawa, fitilarta na ƙiftawa, amma uwar garke ta ce ba ta san da ita ba. Ta huɗu kuma ta zama kamar mai iska, yanzu ta karɓi aiki, anjima ta ce ba ta san zancen ba. Na canza waya, na canza kati, na sake kunnawa ya fi a ƙirga. Ga mai janareta yana leƙowa, ya ce ƙarfe goma zai kashe, mai ya kusa ƙarewa.

Maigidana a wajen aiki, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin wayar tarho ne. Yana zaune yana ɓare goro, bai ce uffan ba sai da na jiƙe da gumi. Sannan ya tashi ya zare wayar ta huɗu, ya ce in yi mata ping, wato in aika mata sallama ta waya in ga ko za ta amsa. Na yi. Ta amsa! Ga wayarta a hannunsa yana kaɗawa, ga amsa tana zuba a allo. Ya dube ni ya ce, to wa ke amsa sallama a gidan da babu kowa?

Ashe wajen kwafar faifan na manta ban canza wa ta bakwai suna da lambar IP, wato adireshinta a garke, ba, tana yawo da na ta huɗu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, in ji shi. Ya sa na yanko takarda, na rubuta wa kowace sunanta da lambarta, muka tashi uwar tukuna, sannan 'ya'yan, kowace sai ta amsa kafin a taɓa ta gaba. Sannu ba ta hana zuwa, abin da ya ƙara ke nan, ya koma kan goronsa.

Ku yaran yanzu abu na ƙin tashi sai ku kwafo umarni daga intanet ku zuba, ba ku buɗe kundin da na'urar ke rubuta kukanta ba. Buɗe na DataNode ɗin nan. Ina kyautata zaton za ka tarar da Incompatible clusterIDs, wato lambobin garke ba su dace ba, domin duk fomat ɗin da ka yi sabuwar lambar garke uwar ke samu, su kuma 'ya'yan suna riƙe da tsohuwa a fayil mai suna VERSION. Ka canza musu uwa sau huɗu, kana mamakin sun ƙi bin ta. In babu abin kirki a ciki, share ma'ajiyarsu su fara daga farko. In manhajar Ubuntu ce a kan kwamfutocin, leƙa fayil ɗin /etc/hosts ma, inda ake haɗa sunaye da lambobin IP, akwai layin 127.0.1.1 da ya sha sa uwar garke ta saurari kanta ita kaɗai.

 Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci, ka taho da kwamfutar. Kafin nan kada ka ƙara yin fomat ɗin nan. Ka gai da mahaifiyarka.