Na gaji da kujerar majo, in sauka ko in bar jinyar gaba ɗaya?

TAMBAYA

Salamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya yara, ya kuma zafin nan namu na Damagaram. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati ta nan Zinder, na yi karatu, na fara aiki a wata CSI, wato ƙaramar likita, can cikin daji kafin a dawo da ni gari, yanzu shekara goma da ɗoriya ke nan ina cikin farar riga. Shekarun baya aka ba ni majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, na sashen yara a wata likita da ba sai na faɗi sunanta ba, ranar har walima aka yi a gidanmu, to wallahi Anti tun daga lokacin ban sake barci mai daɗi ba. Ni ke tsara gardi, wadda duk ba ta zo ba ni ke kwana a madadinta, ni ce rapor na ƙarshen wata, ni ce lissafin magani da safar hannu, in wani abu ya ƙare ko ƙarfe biyun dare ne wayata ake kira. In damina ta faɗi kuwa ba a magana, palu da tamowa, yara biyu ko uku a gado ɗaya, uwaye a ƙasa kan tabarma.

Abin da ya sa na rubuto, rannan wata uwa ta riƙe mini hannu tana kuka ɗanta na jijjiga, na yi masa abin da ya kamata amma ban ji komai a raina ba, sai ma tsawa da na daka mata ta sake ni. Da na koma gida na shiga banɗaki na yi ta kuka, ni da ada in yaro ya rasu a hannuna ko abinci ba na iya ci. Tansiyo ɗina ta hau, yarana sun fi sabawa da ƙanwata. Maigida ya ce in sauka in koma ƙaramar ma'aikaciya, Hajiyarmu ta ce mutane na roƙon Allah girma ni ina gudun shi, ga ƙannena biyu da albashina suke lakkwal. Wata ƙawata mai sarin atamfa daga Kano ta ce in aje aikin kawai mu haɗa jari mu kama shago a kasuwar Dole. Kuma gaskiya ina jin kunyar waɗanda nake ba umarni yau su koma su ke ba ni. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki, daga Zinder

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah Ya ba da lada Ya kawo sauƙi. Bari in fara da tsawar nan tunda na ga ita ta fi cin ranki. Ba imaninki ba ne ya ragu kuma ba muguwa kika zama ba, muguwa ba ta shiga banɗaki ta yi kuka don ta yi wa wata tsawa. Tun 2019 hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa irin wannan gajiyar aikin cikin kundinta, ta ce da alamomi uku ake gane ta: ƙarfi ya ƙare ƙaf, zuciya ta ja baya daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan aikin ya daina fita daga hannunsa kamar da. Biyu na farko ke da kanki kika zayyana su, ta ukun ce bana so mu jira, don a sashen yara ita ce ranar da ido zai yi nauyi a lissafa maganin yaro mai kilo 6 kamar na mai kilo 16.

Saboda haka kafin maganar sauka ko shago, ki je a duba ki. Na san halinku ma'aikatan lafiya, ku auna tansiyonku da kanku a tsaye, ku tare lokotoro a baranda ya rubuta muku odinas, ku haɗiya ku koma bakin gado. Wannan karon ki zauna a kujerar mara lafiya ki faɗi komai har da rashin barcin da kukan, in an ba ki takardar hutu ki karɓa ki kashe waya, in kina da konje da ya taru ki nema. Idan kuma abin ya kai ba ki jin daɗin komai sama da sati biyu, ko kina jin gara ma mutuwa, to wannan ya wuce gajiya, likitan ƙwaƙwalwa za ki gani kuma ba tare da jinkiri ba.

Yanzu ga ra'ayina kai tsaye: ki sauka daga majo, amma kar ki aje aiki. Na karanta wasiƙarki sau da yawa ina neman inda kika ce kin tsani jinya ban gani ba. Duk kukanki kan kujera ne da gardi da wayar dare, abu uku ne kika haɗa wuri ɗaya, muƙamin daban, sashen daban, sana'ar kanta daban, kuma ana iya sauke na farko da na biyu a riƙe na uku. Mai gajiya komai baƙi yake gani shi ya sa ba a yanke irin wannan hukuncin da safiyar da aka fito gardi.

Ki tuna matirikil ɗin nan da ke hannunki, lambarki ta ma'aikaciyar gwamnati. Ke kin fi ni sanin yara nawa ke fitowa daga ENSP da makarantun lafiya na kuɗi kowace shekara, suna aikin sa kai ko kwantaragi shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su, wasu a sashenki ma suke. In kika rubuta takardar barin aiki da wuya ƙofar ta sake buɗuwa, ga shekarun da kika tara na fansho a CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati. Dokar aikin gwamnati tana da hanyar da ma'aikaci zai ɗan janye na wani lokaci ba tare da ya rasa gurbinsa ba, wadda kuke ce ma disponibilite, sai dai babu albashi a ciki kuma ƙarin girma yana tsayawa, don haka ki je wajen masu kula da ma'aikata a DRSP, ofishin lafiya na jiha, ko wakilanku na SUSAS, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan lafiya, su nuna miki sharuɗɗan a rubuce, ban da ji-ta-ji-ta ta ɗakin gardi.

Kuma jinya ai ba gadon yaro mai jijjiga kaɗai ba ce. Akwai awon ciki, akwai rigakafi, akwai planin na tsarin iyali, akwai CRENAS inda ake duba yara masu tamowa su karɓi abincinsu su koma gida, duk aikin rana ne a tashi da yamma. Mai gogewarki makarantun lafiya ma na buƙatarta ta riƙa bin ɗalibai wajen sitaj. Wasu za su ce ki nemi poroje, wato aiki da ƙungiyoyin agaji, tunda kuɗin ya fi, to ki buɗe ido, kwantaragi ne mai wa'adi, kuma wanda ya san yadda sashen yara na Magarya ke cika a watan Agusta da Satumba ya san ba wajen hutu ba ne, ga shi tun da Amurka ta yanke tallafinta a 2025 poroje da dama sun rage ma'aikata.

Zancen shago kuwa, ban raina kasuwa ba, mata nawa suka yi gida da Makka da atamfa. Amma ƙawarki ribar ta faɗa miki, ki tambaye ta yadda ta yi a 2023 da aka rufe iyaka da Najeriya wata da watanni, ki tambaye ta littafin bashi, don a garin nan mai farar riga in ta buɗe shago dangi da abokan aiki duk sai ƙarshen wata za su ce, kuma kunya ba za ta bar ki ki bi su ba. In kina sha'awa ki sa ɗan abin da kika kwasa a adashe ta juya miki ki ga kamun ludayinta shekara guda, bayan kin tambayi abin da doka ta yarda ma'aikaci ya yi a gefe. Abu ɗaya da zan hana ki da babbar murya, kar wani ya zuga ki ki mai da ɗakin zaure wajen allura da ƙarin ruwa ba izini, ranar da aka samu matsala duk masu yabonki ba za ki ga ko ɗaya ba.

Sai Hajiya. Kar ki je mata da maganar gajiya, a wajensu wanda bai yi daka da surfe da ɗiban ruwa ba bai san gajiya ba. Ki je da takardar tansiyonki, ki tafi da maigida ko wani kawu da take jin maganarsa, kuma kafin nan ki zauna da biro ki cire alawus ɗin majo da na gardi daga albashinki ki ga abin da ya rage, don tsoronta na gaskiya lakkwal ɗin ƙannenki ne, in kika nuna mata karatunsu ba zai tsaya ba rabin faɗan ya ƙare. Kunyar abokan aiki kuma sati biyu ce, za a yi gulma a ce cire ki aka yi, daga baya wata gulmar ta taso a manta da taki. In kina ganin zama ƙarƙashin wadda kika koya ma sa kanula zai yi miki nauyi, ki haɗa saukar da neman canjin sashe a takarda ɗaya.

Ki yi shi da tsari. Ban da tsakiyar damina lokacin da sashen ke ambaliya, sai dai in lokotoro ya ce ki tsaya yanzu, to lafiyarki ce gaba. Ki rubuta ta hannun shugabanki, ki sa dalilin lafiya, kar ki zagi kowa a ciki ko da akwai wanda ya cancanta, ki riƙe kwafi mai tambari. Ki ba da sunan wadda kike ganin za ta iya, ki zauna da ita kan rajista da lissafin magani har ta kama. Za su lallashe ki su ce ki ƙara haƙuri zuwa a samu wata, ki sa rana ki tsaya a kanta. Bayan wata shida kina aikin rana kina barci a gidanki, in har yanzu gabanki na faɗuwa duk safiyar da kika ɗauki farar riga, ki sake rubuto mini mu yi maganar disponibilite da jari.